Nawa ne kuɗin zama ƙwararren ɗan golf? Lamarin wani kadi a Yamai

Saurayin da wannan nazari ya shafa Ba'adare ne. Iyayensa daga wani ƙauye na jihar Tawa suka zo, shi kuwa a Yamai ya tashi. Kadi kawai zan riƙa ce masa, tunda da aikin aka san shi: ɗaukar wa masu wasan golf jakar sanduna a filin Rio Bravo da ke bayan gari. Tun yana ƙarami yake tsinto ƙwallayen da suka ɓace cikin ƙaya da duwatsu, ya wanke su ya sayar, wani lokaci ma ga wanda ya ɓatar da su. Da ya yi ƙarfi aka ba shi jaka. Wani Bature da zai koma gida ya bar masa tsofaffin sanduna, kuma ba a daɗe ba mutanen da yake yi wa dako suka daina iya ja da shi. Su ne suka fara ce masa ya tafi waje ya zama ƙwararre, ya ci abinci da gasa. Faɗar haka ba ta ci musu ko dala ba.

Mahaifinsa ya rasu, saboda haka wurin kawunsa ya kai maganar, wani ɗan kasuwa da ke da rumfa a Katako. Kawun ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya yi tambaya ɗaya: "To ɗana, idan ka zama wannan abin, wa ke biyanka albashi?"

Amsar ita ce babu kowa, kuma daga nan duk wahalar ta samo asali. Ɗan ƙwallon ƙafa idan ya samu kulob, kulob ɗin ne ke biyan tikitin jirgi da masauki da likita, ga albashi ko an ci ko ba a ci ba. Ɗan golf kansa yake yi wa aiki. Shi zai biya kuɗin shiga gasa, da jirgi, da otal, da abinci, da ladan wanda zai ɗaukar masa jaka. A manyan gasanni ana wasa kwana 4, amma bayan kwana 2 sai a tankaɗe, a bar mutum 65 na sama da waɗanda suka yi kunnen doki da su, cikin mutum wajen 150. Wanda aka tankaɗe ya tattara ya koma ba ko sisi, alhali ya riga ya kashe kuɗin makon. Ko shahararrun ƴan wasa ana tankaɗe su sau da dama a shekara. Da aka yi wa kawun wannan bayani sai ya ce ya gane, ai fatauci ne irin na albasar Galmi zuwa Abijan: kuɗin mota da na hanya dole ka biya, ko kayan sun samu kasuwa ko sun ruɓe.

Kuɗin da ake jin labarinsu a talabijin suna can ƙoli, a PGA Tour ta Amurka da DP World Tour, wadda kafin 2022 ake kira European Tour. A can an ɗan rage wa ƴan wasa fargaba: PGA Tour ta kawo tsarin da ke tabbatar wa mai cikakken kati, wato izinin buga gasanninta, dalar Amurka 500,000 a shekara, DP World Tour kuma ta sa 150,000 tun 2023. Sai dai wannan na wanda ya riga ya shiga ne. Ƙofar shiga ta Turai gasar neman kati ce mai hawa 3, ta ƙarshe ana yin ta a Sifaniya, zagaye 6 na rami 18-18, wato rami 108, kuma cikin ɗaruruwan da suka yi rajista mutum 20 da ƴan kai ke samun katin. Kuɗin rajistar kaɗai ya haura miliyan 1 na sefa, ba a mayarwa. Ƙasa da wannan akwai Challenge Tour, wadda a 2025 ta koma HotelPlanner Tour, ƙasa da ita kuma akwai ƙananan rukunai irin su Alps Tour, da ke yawo tsakanin Italiya, Sifaniya, Faransa da Masar. Nan ne mutum irin kadinmu zai fara, in ma ya samu shiga.

Wani ma'aikacin banki da ke wasa a filin ne ya zauna da shi suka yi lissafi a kan takarda. Sefa tana ɗaure da Yuro, kowane Yuro sefa 655.957, saboda haka lissafin ba wuya, ganin jimillar ne ke da wuya. Sun sa Yuro 1,000 ga kowane makon gasa, wato rajista da masauki mai arha da abinci da mota daga wannan gari zuwa wancan, shi da kansa zai ja jakarsa ba kadi. Gasa 15 a shekara ta kama Yuro 15,000, kusan miliyan 10 na sefa. Suka ƙara tikitin zuwa da dawowa sau biyu. Suka ƙara kayan aiki: doka ta yarda da sanda 14 a jaka, babbar sandar bugun farko sabuwa ita kaɗai dalar Amurka 500 zuwa 600 ce, dozin ɗin ƙwallo mai kyau ya haura dala 50 ta Amurka, ga safar hannu da takalmi da ke cinyewa. Da suka haɗa da kuɗin zaman makonnin da ba gasa da na mai horarwa, suka tashi da abin da ya kusa miliyan 15. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Shekara ɗaya ta wasa ta yi daidai da albashin kusan shekara 30.

Ɗaya ɓangaren takardar ya fi ban tsoro. A ƴan shekarun nan gasa guda ta Alps Tour kusan Yuro 40,000 take rabawa gaba ɗaya, wanda ya zo na ɗaya wajen 6,000 yake samu. Mutum 40 da ƴan kai ke tsallake tankaɗe, na can ƙasa kuma abin da zai karɓa ba zai biya masa kuɗin makon ba. Kafin kadi ya mayar da kuɗin gasanni kawai, sai ya ci kofi kusan sau 3 a shekarar farko, a tsakanin samarin Italiya da Faransa da suka tashi kan ciyawa da masu horarwa tun suna ƴan shekara 8. Wannan mataki ba wurin samun kuɗi ba ne, kuɗi ake kashewa a sayi damar hawa na gaba, kuma mutum 5 ne ke hawa a ƙarshen shekara.

Ga kuma biza. Kuɗin bizar Shengen Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, kusan jika 59, ba shi ne abin damuwa ba. Bizar gajeren zama kwana 90 take bayarwa cikin kowane kwana 180, alhali lokacin gasa ya fi haka tsawo. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai an rufe shi a farkon 2024. Saurayi marar aure, marar takardar albashi, marar komai a banki, shi ne ainihin wanda ake ƙi ba wa biza a kowane ofishi.

Abin da masu zuga shi ba su faɗa masa ba shi ne maganar ƙasar da yake wasa a kai. Filin Yamai ba ciyawa. Ana yawo da ɗan guntun kafet na roba a ɗora ƙwallo a kai a buga, kewayen ramin kuma yashi ne da aka gauraya da mai aka daddaɓe, ana share wa ƙwallo hanya kafin a tura ta. Wannan ba abin kunya ba ne, haka filayen Najeriya da yawa suke a da. A Ikoyi ta Legas, a 1981, Peter Tupling ya gama zagaye 4 da bugu 255 a kan irin wannan yashi, abin da ya zama tarihi a lokacin, don a golf mai ƙarancin bugu ne ke ci. Amma a ciyawa kusan rabin wasan ya canza. Ƙwallo na gudu, tana bin gangare, tana lanƙwasa gwargwadon yadda ciyawar ta kwanta, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na bugun ƙwararre a kewayen rami ake yin shi. Ba kafet kuma, inda ƙwallo ta faɗa nan za a buga ta. Kadi yana da dogon bugu mai kyau da ido mai auna nisa, wannan kowa ya shaida. Ko zai iya gama fili mai ciyawa da bugu 70 kwana uku a jere, babu wanda zai iya rantsuwa, har shi kansa, don bai taɓa gwadawa ba. A ganina wannan ne babban giɓin lamarin: ana neman miliyan 15 a kan hajar da ba a auna ba.

Duk da haka ya shiga neman mai ɗaukar nauyi. Ma'aikacin bankin ya rubuta masa dosiye da Faransanci, da hotuna da jadawalin kuɗi, ya bi ofisoshi: kamfanin sadarwa, banki biyu, wani mai shigo da kayan gini. Mafi yawa a wurin mai gadi ko sakatariya takardar ta tsaya. Mutum ɗaya ne ya zauna da shi, wani jami'in talla, ya ce masa: "Ƙanena, ba ƙin ka na yi ba. In na sa sunanmu a hularka, mutum nawa za su gani a Nijar?"

Ni dai ban ga laifin jami'in ba. Kamfani ba sadaka yake yi ba, ido yake saye. A ƙasar nan ido yana kan kokowa. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, duk shekara in ta zagayo gari kan tsaya, ana kallo a Tele Sahel, ana saurare a rediyo har ƙauyen da ba wuta, yara sun san sunan Issaka Issaka kamar na maƙwabcinsu. Wanda ke son sayar da katin waya ya san inda zai kafa tutarsa. Golf kuwa masu yin sa a Yamai ba su da yawa tun asali, galibi ƴan ƙasashen waje da manyan ma'aikata. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sojojin Faransa sun fice a Disambar shekarar, na Amurka a 2024, ma'aikatan ƙungiyoyi da ofisoshin jakadanci sun ragu. Wato mutanen da ke ba kadi aikin yini, waɗanda kuma cikinsu ne ake sa ran wani zai ji tausayi ya taimaka, su ne suka tafi. Ta ɓangaren gwamnati ma, Abdoul Razak Issoufou Alfaga da ya kawo azurfar tekwando daga Rio a 2016 yana da hanyar da aka sani ta zuwa Olamfik. Golf ya dawo Olamfik a 2016 ɗin, amma mutum 60 ake ɗauka bisa jerin gwanayen duniya, kuma ba a shiga jerin sai an riga an buga gasannin da ake neman kuɗinsu.

Ya kuma aika wa kamfanonin ƙera sanduna saƙo ta intanet, ba amsa. Suna ba da kaya kyauta, har da kuɗi, amma ga wanda ya riga ya nuna kansa. Nike ta ba Tiger Woods kwantiragin kusan dala miliyan 40 a 1996, bayan ya ci babbar gasar ƴan sha'awa ta Amurka, wato ta waɗanda ba su zama ƙwararru ba, sau 3 a jere.

Idan aka duba waɗanda suka fara ba su da kuɗi suka kai wani wuri, ba kamfani ne ya fara tallafa musu ba. Ko dai ubangida guda, ko taron mutane da suka zuba jari. Papwa Sewgolum kadi ne a Durban ta Afirka ta Kudu. Wani ɗan kasuwa mai suna Graham Wulff ya ga wasansa, ya kai shi Turai a 1959, ya ci gasar Holan a shekarar, ya sake ci a 1960 da 1964. Zach Johnson na Amurka, wanda ya ci babbar gasar Masters a 2007, wasu ƴan kasuwar garinsu ne a jihar Iowa suka sayi hannun jari a kansa lokacin yana yawo a ƙananan gasanni. Siddikur Rahman na Bangaladash yaron tsintar ƙwallo ne a filin Kurmitola na Dhaka, kulob ɗin da hukumar golf ta ƙasar suka raine shi har ya ci gasar Brunei a 2010. Dukansu akwai ciyawa da gasa a ƙasarsu kafin su ƙetare.

Ubangida ya samu, na ɗan lokaci. Wani Alhaji mai harkar sufuri ya ji labari, ya kira shi gida, ya ce ya ɗauki nauyin tikiti, sauran "Allah zai kawo". Kadi ya dawo da murna. Kawun ne ya ƙi. Hujjarsa ita ce alherin baki ba a kai shi ƙara: in kasuwa ta juya wa Alhaji baya, ko ransa ya ɓaci, yaro na Italiya da rabin shekara a gaba ba mai aiko masa ko kuɗin burodi. In kuma yaron ya yi nasara, ba wanda ya san abin da Alhaji zai ce nasa ne. Ya ce ko bashi Alƙur'ani ya ce a rubuta, balle wannan.

Abin da ya sauya tsarin gaba ɗaya wata doka ce da ba wanda ya sani cikinsu sai da ma'aikacin bankin ya bincika. Tun 1 ga Janairun 2022, hukumomin da ke tsara dokokin golf, R&A da USGA, suka sassauta dokar ƴan sha'awa. Yanzu wanda bai zama ƙwararre ba yana iya karɓar kuɗin tallafi, ya sa sunan kamfani a rigarsa, har ya karɓi kyautar gasa da ba ta wuce dalar Amurka 1,000 ba. Abin da ke fitar da shi daga sahun shi ne ya shiga gasa da sunan ƙwararre, ko ya karɓi kyautar da ta haura iyaka, ko ya riƙa koyar da bugu ana biyansa. Ɗaukar jaka ba ya ciki. Ke nan babu dalilin gaggawa. In ya ayyana kansa ƙwararre yau, ya rufe wa kansa gasannin ƴan sha'awa masu arha, komowa kuma sai ya nema ya jira watanni.

Sai aka ajiye maganar Turai, aka tsara wani abu ƙarami. Shekara biyu yana ɗan sha'awa, yana neman ciyawa a kusa. Najeriya na da filaye masu ciyawa, kamar na IBB a Abuja, ana zuwa ta mota ta Maradi da Katsina, kuma tun faɗuwar naira a 2023 sefa tana da auki a can, ko da yake wannan faɗuwar ita ke sa kyautar gasar can ba ta da nauyi in an canza. Kodibuwa na da fili a Abijan da Yamusukuro, ƙasar da Vijay Singh ya ci gasarta a 1989 lokacin yana yawon neman abinci a Afirka, kamar yadda ya ci ta Najeriya a 1988 da 1989. Abijan kuma ga Ba'adare kusan gida ce. Ƴan ci-ranin Adar sun daɗe a can, ba zai rasa ɗan'uwan da zai ba shi tabarma da tuwo ba, kuma masauki shi ne rabin kuɗin kowace tafiya. Wannan gata ce da yaron Italiya ba shi da ita, ban kuma ga an sa ta a dosiyen farko ba.

Kuɗin kuwa aka raba su hannu 10, kowane hannu jika 300, jimilla miliyan 3. Kawun ya ɗauki biyu, Alhajin sufuri ya yarda ya ɗauki biyu da takarda, ma'aikacin banki ɗaya, aka bar saura ga ƴan'uwa da masu wasa a filin. Nan aka yi gardama mai tsawo. Wani ya ce zai zuba, amma da sharaɗin in abin bai yiwu ba a mayar masa da uwar kuɗinsa, in ya yiwu kuma a ba shi riba. Aka tambayi malamin unguwa, ya ce abin da suke shirin yi ya fi kama da ƙiradi: mai dukiya ya kawo dukiya, mai aiki ya kawo ƙarfinsa, a raba riba yadda aka yi alkawari, in an yi asara ba da sakaci ba mai dukiya ya rasa dukiyarsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Wanda ya ce sai an lamunce masa uwar kuɗi kuma a ƙara masa, bashi mai jawo amfani ya bayar. Mutumin ya janye.

Takardar da aka sa wa hannu ta ƙunshi abubuwan da na ga ya kamata duk mai irin wannan shiri ya kwaikwaya. Kuɗin suna hannun kawu, ba hannun yaro ba, ana fitarwa tafiya-tafiya da rasit. Masu jari ba su da komai a shekarun sha'awa. In ya zama ƙwararre, za su riƙa karɓar kaso mafi girma na abin da ya ci har kuɗinsu su dawo, daga nan kason ya ragu, bayan shekara 5 kuma ya yanke gaba ɗaya. Wannan wa'adi shi ne abin da ya fi kare yaron, don akwai ƴan wasa a duniya da suka sa hannu kan kaso marar ranar ƙarewa suna matasa, suka ƙare a kotu bayan sun yi suna. Sannan aka sa ma'auni: zagaye 20 na gasa a kan ciyawa, a rubuce, da sa hannun masu gasar. In matsakaicin bugunsa bai sauko 72 ba, maganar Turai ta mutu, ya nemi takardar koyarwa ya zauna a wani kulob a Abijan ko Abuja. Mafi yawan waɗanda ake kira ƙwararru a duniya da koyarwa da gyaran sanduna suke ci, ba da kofi ba, kuma mai koyarwa yana kwana a gidansa.

Inda nake da ja shi ne ma'aunin kansa. Bugu 72 a filin kulob da aka saba da shi ba daidai yake da 72 a filin da aka tsawaita aka tsaurara don ƙwararru ba. Da ni ne da na ce 70. Masu jarin sun san haka, sun dai ji nauyin kawun.

Zuwa yanzu hannu 7 aka biya cikin 10. Ya yi tafiyar farko Abuja, ya kwana wurin wani ɗan garinsu mai sayar da kaya a bakin hanya. Zagayensa na farko a ciyawa 81 ya buga, na biyu 79, kuma kusan duk asarar a kewayen rami take, sau uku yake turawa inda ya kamata sau biyu. Kafin ya dawo ya sauko 75. Kawun da ya ga takardar ya tambaya ko ƙaruwa ce ko raguwa ake so, aka ce raguwa, ya ce to madalla.

Akwai kuɗin da ba wanda ya sa a lissafi sai da tafiyar ta zo. Duk ranar da kadi ba ya Yamai, ba ya ɗaukar jaka, kuma da abin da yake samu ne mahaifiyarsa ke cefane, ƙannensa biyu ke zuwa makaranta. Ita ce ta tayar da maganar, ta aika aka kira kawun ta ce: "Yaya, kun yi wa yaro tanadin jirgi da otal, mu da ke gida fa?" Aka koma kan takarda, aka ware mata wani abu duk wata daga cikin jarin. Hakan ya rage shirin daga wata 24 zuwa 18, zagaye 20 ɗin kuma ba a rage ko ɗaya ba, sai dai ya matse su cikin lokacin da ya saura. Tafiyar Abijan an ɗaga ta zuwa bayan damina, in an samu masu sayen hannu 3 da suka rage.